Gyaran Bod Ɗin Kwamfutar Gem: Inda Aikin Ya Ci Kuɗinsa Da Inda Bai Ci Ba

Idan kwamfutar gem ta mutu ɗif, ba fitila ba motsin fanka, zaɓi biyu ne a gaban mai ita. Ko a cire bod ɗin, wato babban allon da sauran sassan kwamfutar ke jikinsa, gaba ɗaya a sa wani, ko a nemo ƙaramin abin da ya ƙone a jikinsa a sauya shi kaɗai. Na biyun shi ne gyaran bod, aikin da ake samu a wajen injiniyoyin Titin Beirut a Kano, da Banex a Abuja, da Computer Village ta Ikeja, kuma shi wannan sharhi ya duba. Zaɓin ya fi nauyi a kwamfutar gem fiye da ta ofis, domin firosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfutar, da girafik mai zana hoton gem, da ƙwayoyin ajiyar girafik duk a liƙe suke da dalma a jikin bod. Tun bayan zubi na 4 na firosesar Intel aka daina yi wa yawancin laftof gurbin da ake zare firosesa a mayar. Saboda haka wanda ya sayi sabon bod ya sake biyan kuɗin firosesa da girafik waɗanda watakila lafiyarsu ƙalau, alhali abin da ya lalace kafasita ce, 'yar ma'ajiyar wuta da ba ta kai ƙwayar shinkafa ba.

Hukuncina a kan aikin shi ne: a matsalar wuta, wato mashigar caja da layukan da ke rarraba wuta, gyaran bod ya ci kuɗinsa har da riba, kuma akwai ƙwararru a kasuwanninmu da suke yin sa yadda ya kamata. A matsalar BIOS, wato manhajar da ke tayar da kwamfuta kafin Windows, ma haka, in an kiyaye wasu abubuwa. A matsalar girafik kuwa aikin ya rabu gida biyu, akwai na gaskiya mai tsada, akwai na gasa shi da zafi kawai wanda ba ya kai ko'ina. Abin da ke raba shagon kirki da na ɓarna ana ganinsa tun kafin a kunna bulowa, na'urar hura iska mai zafi don narkar da dalma.

Tun a wurin karɓa za ka fara ganewa. Shagon da ya san aikinsa zai ce a kawo kwamfutar tare da cajarta, don caja na cikin waɗanda ake zargi. Zai tambayi yadda ta mutu: ana cikin gem ne ta ɗauke, ko lokacin da aka tayar da janareta, ko ruwa ne ya zube mata, ko bayan wani ya buɗe ta ya yi mata sabis. Kowace amsa tana nuna wani ɓangare na bod. Zai kuma yi maganar SSD, ma'ajiyar bayanan kwamfutar, ya bar mai kayan ya tafi da shi in yana so. Akwai wani abin da kaɗan ne suke tunawa: idan BitLocker, makullin bayanai na Windows, a kunne yake, sauya bod ko sake rubuta BIOS na iya sa Windows ya nemi lambar ceto mai alƙaluma 48, kuma in babu ita bayanan sun kulle. Ana samun lambar a asusun Microsoft na mai kwamfutar. Injiniyan da ya tuna maka wannan kafin ya taɓa komai, ya nuna ya san abin da ke hannunsa.

Da an buɗe murfi, abu na farko shi ne zare soket ɗin batir. Wannan ba abin sakaci ba ne. Wayar sikirin mai ƙafa 30 ko 40 tana ɗauke da wutar hasken sikirin, wadda ke zuwa daga babban layi, kusa da siraran layukan hoto da ke tafiya zuwa firosesa. In aka zare ta ko aka cusa ta a karkace da batir a jone, ƙaramar asara ita ce fiyus ɗin hasken ya ƙone, babbar kuwa ita ce wutar ta tsallaka layin hoto ta kashe firosesa. Kwamfutoci da dama da suka shigo don canjin sikirin kawai ta nan suka rasa bod.

Sai taswira. Sunan da ke kan murfi, Acer ko HP ko Lenovo, ba shi ake nema ba, lambar da ke rubuce a jikin bod ake nema, domin wasu kamfanoni ne suke ƙera shi. Na Compal lambarsa tana farawa da LA, na Quanta da DA0, na LCFC da ke yi wa Lenovo kuma da NM. Da wannan lamba ake samo taswirar layuka da kuma hoton bod na kwamfuta wanda in ka danna ƙafa ɗaya zai haska duk inda layin ya bi. Bod ɗin gem yana da faifan tagulla takwas ko fiye a jere cikin kaurinsa, yawancin layukan a ɓoye suke. Mai aiki ba taswira yana iya dacewa a gajeriyar matsala, amma in abin ya wuce mashigar wuta lalube yake yi.

Yanzu ga inda aikin ya fi kyau. Cajar waɗannan kwamfutoci tana ba da volt 19 zuwa 20, ƙarfinta daga wat 135 na irin su Acer Nitro 5 mai GTX 1650, zuwa 180, 230, har 330 a manyan. Wutar tana shiga ta bakin caja, ta ratsa mosfet biyu, wato ƙananan makunnan lantarki, da aka haɗa baya da baya, ta bi ta wata rezista ta auna gudun wuta mai kusan mili-om 10, sannan ta zama babban layin da duk sauran sassa ke sha daga gare shi. Injiniyan kirki ba ya jona wuta tukuna. Mita yake ɗauka ya auna tsakanin babban layin da layin ƙasa na bod, wato GND. In lafiya yake, lambar za ta yi ta hawa zuwa dubban om yayin da kafasitoci ke cika. In ya ga om 1 ko 2 ko ƙasa da haka, layin ya yi shot, wato ya haɗe kai tsaye da layin ƙasa, kuma shi ya sa fitilar caja take mutuwa da zarar an jona ta: cajar ce take kare kanta.

Kafin ya ci gaba, sai ya bi koyil-koyil ɗin bod, waɗanda ta cikinsu wuta ke wucewa zuwa sassa irin su firosesa da girafik, ɗaya bayan ɗaya yana auna su. A nan ake bambanta gwani da ɗan koyo, domin layin firosesa da na girafik a ɗabi'arsu juriyarsu ƙasa take ƙwarai. Koyil ɗin girafik yana iya nuna ƙasa da om 1 kuma lafiyarsa ƙalau, na firosesa 'yan om kaɗan. Mita za ta yi ƙara a kansu, ɗan koyo ya ce ya kama shot, ya fara ciro kafasitocin da ba su yi laifin komai ba. Gwani abin da yake nema daban ne: yana auna tsakanin babban layin da kowane koyil. In ya ga sifili a tsakani, mosfet na sama, wato wanda ke tsakanin babban layin da koyil ɗin wannan reshe, ya huje, kuma babban layin ya haɗe kai tsaye da firosesa ko girafik, waɗanda abincinsu bai wuce volt 1 da ɗan wani abu ba.

Wannan awon shi ke yanke yadda za a nemo wurin shot. Hanyar ita ce a ɗura wuta kaɗan daga injin ba da wuta na kan tebur zuwa layin da ya yi shot, a ga wane sashe ne zai yi zafi. Ƙa'idar ita ce a fara da volt 1, a ƙayyade gudun wuta a amfiya 2 ko 3. Dalilin volt 1 shi ne, ko da mosfet ɗin ya huje wutar ta wuce zuwa firosesa, ba za ta cutar da ita ba. Wanda ya ɗura volt 19 ko ma 5 don abin ya yi saurin nunawa, yana iya ƙarasa kashe firosesar da ta tsira daga haɗarin farko, kuma mai kaya ba zai taɓa sanin a shagon ta mutu ba. Wurin ganin zafin, kyamarar zafi ta fi komai, cikin daƙiƙoƙi take nuna ɗigon da ya yi ja. In babu ita, ana zuba sifirit na aisofurofil a ga inda ya fara bushewa, ko a turara hayaƙin ƙaro ya yi fari a kan bod a ga inda ya narke. Duka suna aiki, sai dai suna cin lokaci, kuma shot mai rauni yakan ɓuya musu.

In kafasita ce, gyaran na mintoci ne, kuma kwamfutar tana komawa yadda take. A nan akwai ƙaramin halin da ba na so: wasu suna cire ta su bar gurbin fanko, tunda bod zai tashi ba tare da ita ba. A kwamfutar ofis ana iya tsira da hakan. A ta gem, inda girafik ke fizgar wuta yana saki sau da yawa cikin daƙiƙa, waɗannan kafasitoci su ke tare girgizar, kuma rashinsu yana ƙara wa mosfet wahala. A mayar da wata mai girma ɗaya, wadda aka yi ta don volt 25 ko sama, ba wadda aka tsinto daga layin volt 5 ba.

In mosfet na sama ne ya huje, maganar ta canza, kuma shagon gaskiya zai faɗa maka haka tun kafin ya karɓi kuɗin kaya. A yawancin sababbin bod an haɗe mosfet na sama da na ƙasa da direbansu a ƙwaya ɗaya da ake kira DrMOS, kowane reshe da tasa. Idan ta huje caja na jone, akwai ɗan lokaci da volt 19 ya afka wa girafik ko firosesa kafin caja ta yanke. Wani lokaci suna tsira, wani lokaci ba sa tsira, kuma ba a tabbatarwa sai an sauya ƙwayar an tayar da bod. Injiniyan da ya yi maka alkawarin nasara a wannan hali tun bai cire ta ba, ya faɗi abin da ba shi da hanyar sani. Abin da ya kamata ya yi bayan cirewa shi ne ya sake auna juriyar koyil ɗin ya kwatanta da ta bod mai lafiya, ya duba sauran rassan, ya duba aisin, wato ƙwayar IC, da ke ba su umarni, sannan ya sa sabuwa. Sau da yawa aisin ne ya fara rikicewa, kuma in ba a gano ba sabuwar ƙwayar za ta bi sawun tsohuwar a gem na farko.

Akwai kuma inda babu shot amma wuta ba ta wuce mosfet na farko ba. Nan aikin aisin caji ne, kuma wanda aka fi gani a irin waɗannan bod shi ne BQ24780S na kamfanin Texas Instruments, mai ƙafa 28. Awonsa a jere yake: ƙafar ACDET ta haura volt 2.4 alamar ya amince da cajar, REGN ta ba da kusan volt 6, ACDRV kuma ta kai kusan volt 25, wato volt 6 sama da na caja, wanda shi ke buɗe mosfet ɗin biyu. In ACDRV ta tsaya a 19 ko ta faɗi, ko dai mosfet ɗaya yana yoyo ta ƙofarsa, ko rezistocin nan biyu na kusan kilo-om 4 da ke kan hanyar sun tsinke, ko aisin kansa ya tafi. Gyaran banza da ake yi a nan shi ne a ɗora waya a tsallake mosfet ɗin. Kwamfutar za ta tashi nan take, mai kaya ya yi murna, amma an cire mata ƙofar da ke tare wutar da ta wuce kima da wadda ta juyo daga batir. A garin da ake sauya layi tsakanin wutar NEPA da janareta da infata sau da yawa a yini, wannan ƙofa tana da aikin yi. Duk wanda ya karɓi kwamfutarsa daga gyaran mashigar wuta ya nemi a nuna masa wurin, ko a hoto ne.

Daga nan sai volt 3.3 da 5 da suke tsaye ko kwamfutar a kashe take, sai aisin EC mai ƙafa 128, irin su IT8987E na ITE ko KB9028 na ENE, wanda ke jin maɓallin kunnawa ya tayar da sauran layuka bi da bi. Injin ba da wuta na tebur yana ba da labari a nan: bod mai lafiya da ba a kunna ba 'yan mili-amfiya kawai yake sha, in an danna maɓalli sai ya haura amfiya 1. Inda allurar ta tsaya tana nuna inda jerin ya katse. Da yawan EC suna da manhaja a cikinsu, don haka sabo ba zai yi aiki ba sai an rubuta masa ta bakin soket ɗin kibod da na'ura irin RT809H. Shagon da ba shi da ita zai sa sabon EC, bod ya ƙi tashi, ya ce maka bod ya mutu.

Matsalar BIOS kuwa alamarta fanka na juyawa, kibod na haske, sikirin baƙi. Ƙwayar yawanci Winbond ce, W25Q128 mai megabait 16 ko W25Q256 mai 32. Abu uku ne ma'aunin aiki a nan. Na farko a karanta tsohon abin da ke ciki sau biyu a adana kafin a goge, domin a ciki lambar siriyal da lasisin Windows suke. Na biyu a duba ƙarfin wutar ƙwayar, don wasu na volt 1.8 ne, kuma 'yar na'urar CH341A mai araha da kowa ke da ita tana buƙatar adafta kafin ta taɓa su. Baƙar samfurinta ma an san ta da tura volt 5 a layukan bayanai in ba a gyara ta ba. Na uku, a bod ɗin Intel, fayil ɗin da aka kwaso daga wata kwamfuta sai an tsabtace sashen ME nasa, wato ɓangaren manhajar Intel da ke cikin fayil ɗin. In ba a yi ba, sai ka ga tana jinkirin nuna hoto, ko fanka na gudu ba dalili, ko tana mutuwa da kanta bayan minti 30. Mai kaya ya lura da wannan a kwanakin farko.

Zancen zafi yana buƙatar a tsaya a kansa, domin nan ne kayan aikin gyaran waya suke gazawa. Tun 2006 da dokar Tarayyar Turai ta hana dalma mai gubar darma a kayan lantarki, masana'antu suka koma wadda ke narkewa a kusan digiri 217, maimakon 183 na tsohuwar. Bod ɗin gem kuma cike yake da faffaɗan tagulla da aka sa don ta kwashe zafi. Kana hura bulowa a kan DrMOS, tagullar tana janye zafin zuwa ko'ina, dalmar ta ƙi narkewa. Mai gaggawa sai ya ƙara wuta zuwa 450 ko sama, ya fara tura ƙwayar da hantsaki, sai ga faifan da take zaune a kai ya ɓalle, ko bod ya kumbura, ko soket ɗin roba na kusa ya narke. Maganin shi ne faranti mai ɗumama bod daga ƙasa zuwa digiri 150 ko 180 kafin bulowa ta zo daga sama. Idan ka shiga shago ba ka ga wannan faranti da madubin ƙara girma a kan tebur ba, shagon na iya gyara maka waya da kyau, amma kada ka bar masa bod ɗin gem. Haka kuma dalma mai bismut da ke narkewa a 138 tana da amfani wurin ciro abu cikin sauƙi, amma dole a share ta tas, don bai kamata a bar ta a reshen wutar girafik ba, wurin da zafi ke kai digiri 90 zuwa 100 yau da gobe.

Girafik shi ne ɓangaren da na fi jan kunne a kansa. Alamominsa sanannu ne: layuka ko ɗige-ɗige masu launi a sikirin, gem ya fita da kansa, ko Windows ya sa wa katin girafik alamar kuskure mai lamba 43. A kwamfutocin da hoton sikirin ke bi ta girafik ɗin cikin firosesa, kamar yawancin na matsakaicin farashi, sai ka ga komai na tafiya daidai sai an buɗe gem. Binciken gaskiya yana farawa da layukan wutar katin: volt 1.8, layin ajiyar girafik mai kusan 1.35 a GDDR6, da layin zuciyar girafik ɗin. In ɗaya ya ɓace, matsalar ta wuta ce, gyaranta irin na sama ne, kuma labari ne mai daɗi. In duk suna nan, sai a gwada ƙwayoyin ajiya da manhajar MATS, wadda ke nuna tashar da ke ba da kuskure, A0 ce ko B1, a san ƙwayar da za a cire. GTX 1650 mai gigabait 4 ƙwayoyi huɗu gare shi, kuma sau da yawa ɗaya ce ta gaza. Ana sauya ta da irinta sak, kamfani ɗaya lamba ɗaya, Samsung da Samsung, Micron da Micron, domin akwai rezistocin da ke shaida wa girafik irin ƙwayar da aka ɗora masa. Ƙwayar GDDR6 tana da ƙwallayen dalma 180 a ƙarƙashinta, aiki ne na natsuwa, amma masu yin sa da kyau suna nan, kuma yana ɗorewa.

Abin da ake kira gasa girafik daban ne. A hura masa bulowa na mintoci, a bar shi ya huce, hoto ya dawo, a karɓi kuɗi. Al'adar ta samo asali ne daga matsalar 2008, lokacin da girafik ɗin Nvidia na jerin GeForce 8400M da 8600M suka yi ta mutuwa har kamfanin ya ware dala miliyan 196 don biyan gyara. Laifin a ƙananan maƙalan da ke tsakanin gilashin ƙwayar da faifanta yake, ba a ƙwallayen da ke ƙasa ba, kuma zafi yana sa tsagar ta ɗan haɗe na wani lokaci. Shi ya sa gashi ke dawo da hoto na mako ko wata, sannan ya tafi. Sake wa girafik ƙwallayen dalmar ƙarƙashinsa ma ba ya warkar da ƙwayar da ta lalace a ciki. Yana da wurinsa idan kwamfutar ta faɗi ko bod ya lanƙwashe har ƙwallayen suka tsage, amma ban da nan kuɗi ne ake zubarwa. Sauya girafik ɗin ɗungurungum yana yiwuwa ga mai injin BGA, wanda ke bin zafi mataki-mataki har kusan digiri 240, bayan an busar da bod na sa'o'i don danshin da ya sha, musamman da damina, kada ya fasa shi daga ciki. Sai dai ƙwayoyin da ke kasuwa yawancinsu cirarru ne daga wasu bod, an sake musu ƙwallaye an goge su sun yi ƙyalli, babu mai tabbacin tarihinsu. A ganina, in bincike ya tabbatar zuciyar girafik ce ta mutu, a kwatanta farashi da bod na hannu mai garanti kafin a amince. Akwai kuma mafita ta uku da shagon gaskiya zai ambata: a yanke wa girafik ɗin wuta a bar kwamfutar tana aiki da na cikin firosesa. Ta daina gem, kuma a yawancinsu bakin HDMI zai mutu tunda daga girafik yake fitowa, amma za ta yi aikin ofis da karatu shekaru.

Mayar da ƙarfen sanyaya shi ne matakin da ake rainawa, kuma gyara mai kyau yakan lalace a nan. Kan ƙwayoyin ajiya da DrMOS akwai 'yan katifu masu ɗaukar zafi, kaurinsu milimita 0.5 ko 1 ko 1.5, wasu kamfanoni kuma wani abu mai kama da ƙullu suke sawa. In aka sa katifar da ta fi kauri, sai ta ɗage ƙarfen daga kan girafik, zafinsa ya haura. In ta fi siranta, ƙwayar da aka sauya ba ta taɓa ƙarfen ba, ta sake dahuwa. Man sanyaya mai araha na cikin sirinji marar suna ba ya jure wannan zafi, cikin watanni yake gudu gefe. PTM7950 na Honeywell, wanda ke laushi a kusan digiri 45, ya fi zama daram a kan ƙwayar laftof. Masu Asus ROG na 2020 zuwa sama su yi hattara ta musamman, domin da yawansu ruwan ƙarfe ne a kan firosesa. Yana ɗauke da galiyam, yana wuce da wutar lantarki, yana cin alminiyam, kuma ɗigo ɗaya da ya gangaro kan kafasitocin gefen firosesa ya isa ya kashe bod. Ana tsotse shi da sirinji ne a goge da auduga da sifirit a hankali, a tabbatar soson da ke kewaye da shi bai yage ba. Wanda bai taɓa aiki da shi ba kada ya koya a kan kayan mutane.

Gwajin ƙarshe shi ne inda shaguna da yawa suke gajarta aiki. Ganin tambarin kamfani a sikirin ba shaida ba ce, domin a lokacin bod bai sha ko wat 40 ba. Injin tebur na amfiya 5 ma iyakarsa kusan wat 95 a volt 19, ba zai iya ɗaukar nauyin gem ba. Gwaji na gaskiya da cajar asali ake yi, a rufe murfi, a kunna FurMark da Cinebench, manhajojin da ke ɗora wa girafik da firosesa nauyi, tare na aƙalla minti 30, ana kallon zafi a manhajar HWiNFO. Firosesar Intel tana rage gudu a digiri 100, girafik ɗin Nvidia na laftof a kusan 87. A ɗakin da babu sanyi a Kano cikin Afrilu, inda zafin gari ke haura 40, lambobin za su matsa kusa da nan, amma bai kamata su manne a can ba, kuma bai kamata kwamfutar ta ɗauke ba. A gwada caji da zare caja ana cikin aiki, a gwada bakunan USB da HDMI da Wi-Fi. Mai kaya yana da haƙƙin a yi wannan a gabansa, a ba shi sassan da aka cire, a rubuta masa abin da aka sauya da tsawon garanti a rasit. Garantin mako ɗaya a gyaran girafik bai isa ba, tunda gashi ma yana kai mako.

Wajen kuɗi, tsarin da ya fi adalci shi ne kuɗin bincike daban, ƙayyadadde, sannan a faɗi kuɗin gyara bayan an gano cutar. Shagon da ya yanke farashi tun bai buɗe murfi ba, ko dai ya ɗora maka kuɗin mafi munin hali, ko zai dawo ya ƙara. Akwai bod ɗin da bai kamata a kashe masa ko sisi ba: wanda wuta ta ci har ta huda shi ya yi gawayi a tsakiyar faifansa, wanda ruwa ya kwana a ƙarƙashin firosesa ya yi tsatsa kore, da wanda ya zaga shaguna uku kowa ya gasa ɓangarensa. Gawayin yana wuce da wuta, sai an kankare shi gaba ɗaya, kuma in ramin ya ratsa layukan ciki babu mai ɗinke su.

Bayan an karɓo ta, a duba cajar kafin a sake jona ta, don sau da yawa ita ce mafarin ɓarnar. Araha ba ta ado: cajar bogi da aka rubuta wa wat 180 tana iya ba da volt 19 daidai a mita, amma da gem ya ɗauki nauyi sai wutarta ta yi ta rawa, mosfet da kafasita su ke shan dukan. Nauyinta a hannu yakan tona ta, ta asali tana da nauyi sosai. Cajar Dell da HP suna da siririyar allura a tsakiyar baki da ke shaida wa bod ƙarfinsu, in ta karye ko ta bogi ce kwamfutar za ta rage gudu ko ta ƙi caji, a ɗauka bod ne. A zare caja kafin a tayar da janareta ko a sauya layi, a mayar bayan wuta ta daidaita. Bayan hunturu kuma a buɗe a share ƙurar da ta toshe tsakanin fanka da haƙoran ƙarfen sanyaya, a riƙe fankar da yatsa lokacin hura iska kada ta yi gudun da zai lalata ta.